Hayaƙi Ba Ya Cikin Kayan Haɗin Alkubus

Malam, na karanta rubutunka na fitowar da ta gabata ina zaune a bakin madafa, kwaɓin alkubus yana rufe a roba ina jiran ya tashi. Sau biyu na karanta, don ban so in mayar maka da amsa cikin zafin karatun farko. Abin da na fahimta shi ne kana ganin tukunyar lantarki mai matsin tururi, wadda da yawanmu a nan Yamai muke ce wa kokot, kayan ƙawa ce ta matan manya, ba ta da gurbi a garin da wuta ke zuwa tana komawa, tana koya wa ƴan mata son jiki, kuma wata rana sai ta fashe a fuskar wata. Sai dai na lura duk waɗannan rakiya suka yi. Abin da ya sa ka ɗauki alƙalami shi ne alkubus ɗin da aka ba ka a gidan wani amininka, wanda aka turara a wannan tukunya, ka kai baki ka nemi ɗanɗanon na mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ka rasa. Daga wannan loma ka yanke hukuncin cewa abincinmu ba ya cika abinci sai a kan itace.

Ba zan yi maka musu a kan alkubus ɗin Hajiya mahaifiyarka ba. Na yarda ya fi wanda ka ci a gidan amininka. Amma ina so mu shiga madafar tare, mu tsaya a kan tukunyar, mu ga ta ina itacen yake shiga cikin maganar.

Ga yadda na buɗe ido na ga ana yi a gidanmu a Damagaram. Ana zuba kwaɓin da ya tashi a gwangwanayen da aka shafe da mai, ba a cika su, saboda zai ƙara kumbura. A sa ruwa kaɗan a gindin tukunya, a ɗora abin da zai ɗaga gwangwanayen daga ruwan, ko tsohon murfi ko ƴan karare, ko kuma a ɗora madambaci. Sai a rufe ruf, wasu har su naɗe bakin tukunyar da tsumma don kada tururi ya tsere. To ina hayaƙin? Yana waje, yana shiga idon mai girki da zaninta da gashin kanta. Harshen wuta ba ya taɓa alkubus ko sau ɗaya. In aka yi rashin sa'a murfi ya goce hayaƙi ya shiga, babu matar da za ta kai wa mai gida shi da alfahari, don cewa za a yi ya yi warin hayaƙi. Tururi ne ke dafa shi, ruwa kuwa in ya tafasa a tukunyar da ba a matse ba zafinsa yana wajen digiri 100, ko geza aka hura a ƙarƙashinsa, ko gas, ko ƙarfen da lantarki ya zafafa.

Da a kan balangu ko kilishi ka yi rubutunka, ko gasasshiyar masarar damina, da ni ce farkon mai mara maka baya, domin a can garwashi da hayaƙi suna cikin kayan haɗi. Waina ma, a tandar ƙasa da ta sha wuta shekara da shekaru, tana da wani gefe mai ƙaras-ƙaras da ban taɓa samu a kaskon zamani ba.

Ina tsammanin na san inda ɗanɗanon da kake nema ya ɓace. Iyayenmu da alkama suke yi, ƙwaya, a surfa a wanke a shanya a kai niƙa, garin ya fito da ɗan duhunsa da ƙamshinsa. Su kwaɓa tun da dare ko da asuba, a bar shi ya yi tsamin kansa a hankali, sannan a kashe tsamin da ɗan ruwan kanwa. Yau a yawancin gidaje farar fulawa ake awowa a shago, a zuba mata yis na leda da yawa don ta tashi cikin awa guda, a ƙara sukari. Wannan kwaɓin ko a murhun duwatsu uku ka turara shi ba zai ba ka abin da kake nema ba. Sannan ga miya. Taushen da aka yi da jar kabewa, da gyaɗar da aka daka a turmi, da yakuwa da alayyahu, da ƙashin da ya daɗe yana dahuwa, a malala man shanu a kai: rabin daɗin alkubus a nan yake. An bar jaki ana dukan taiki, Malam.

Akwai kuma wani kuskure da ake yawan yi, wanda ni ma da shi na fara. Dabarar tukunyar matsi tsohuwa ce. Wani Bafaranshe, Denis Papin, shi ya fara nuna ta a 1679: in ka toshe wa tururi hanya, matsi zai ƙaru a cikin tukunya, ruwa ya ƙi tafasa sai ya kai wajen digiri 115 zuwa 120. Wannan ƙarin zafin ne ke narka ganda da ƙafar sa, ya dafa wake cikin minti talatin da wani abu ba tare da kanwa ba. Kamfanin SEB na Faransa ya fitar da irin wadda ake ɗorawa a wuta a 1953, kuma daga sunanta muka samo kalmar kokot. Ta lantarkin tana da ƙarin abu biyu: jikinta a lulluɓe yake don kada zafi ya zube, kuma da matsi ya kai inda ake so sai ta kashe kanta, ta riƙa kunnawa jefi-jefi.

Amma kwaɓin da ya tashi da yis cike yake da ƴan ƙananan kumfa na iska, su ne laushinsa. Matsi yana danne su. In kuma aka saki tururin gaba ɗaya a buɗe, sai alkubus ya koma ya yamutse, cikinsa ya yi cunkus kamar danƙo. Haka nawa na farko ya fito, kuma ina kyautata zaton irinsa aka ba ka. Gyaran ba shi da wuya. Ga duk abin da aka sa wa yis, a bar mafitar tururin a buɗe, ko ma a ajiye murfinta gefe a rufe da murfin gilashi na tukunyar gida. Ruwa kofi biyu ya isa. A bari ya tafasa tukuna, sannan a jera gwangwanayen a kan ɗan ƙarfen nan mai ƙafafu da ake sayar da tukunyar da shi. Ina naɗe murfin gilashin da tsabtataccen ƙyalle, in ɗaure bakinsa a sama, don kada gumin murfi ya ɗiga a kan kwaɓin ya yi masa ramuka. Minti ashirin zuwa ashirin da biyar, gwargwadon girman gwangwani, sai a kashe a ƙyale shi minti biyar kafin a buɗe, don kada iska ta buge shi farat ɗaya. A soka tsinke, in ya fito fes ya nuna. Alale kuwa, da yake ba yis a cikinta, ba ta jin tsoron matsi, a rufe ta ruf ba komai.

A watan Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke sa kwaɓi ya kwana bai motsa ba, iyayenmu kan lulluɓe shi da bargo ko su kai shi kusa da murhu. Yawancin waɗannan tukwane suna da maɓallin da aka yi don haɗa yawur, wanda ke riƙe ɗumi a wajen digiri 40, kuma yis yana tashi da sauri a wannan ɗumin. A Afrilu da Mayu ba a buƙatarsa, zafin Yamai ya ishe shi, sai dai ma a sa ido kada ya zarce ya yi tsamin da kanwa ba za ta iya da shi ba.

Ba mu kaɗai muke turara alkama ba. Mutanen arewacin Sin suna da abin da suke kira mantu, dunƙulen kwaɓin alkama mai yis da ake turarawa a kwandon gora, da kuma ɗan uwansa da ake cusa wa nama ko ganye. Sun fi shekara dubu suna cinsa. Yau a biranensu a kan gas da tukwanen lantarki ake yin sa, kuma bai gushe daga faifan karin kumallonsu ba. Na kawo su ne saboda su ma mutane ne masu riƙo da abincin kakanninsu, kuma sauya wutar bai raba su da shi ba.

Maganar gargajiya da ka dogara a kanta ita ma tana son a duba ta da kyau. Sunan alkama daga Larabci ya zo, alƙamhu, haka alkubus, daga alkhubzu, wato gurasa. Baƙi ne da suka shigo ta hanyar fatauci da malanta, muka karɓe su muka mayar da su ƴan gida, har ana noman alkama a lambunan Abzin da fadamun Ƙonni da Kadawa ta ƙasar Kano. Gwangwanin madara da na tumatir da Hajiya take zuba kwaɓinta a ciki daga masana'anta suka fito. Tukunyar dalma da ta maye gurbin ta ƙasa, maƙeran kasuwar Katako ne ke narka tsofaffin gwangwanaye da tarkacen mota su zuba ta. Injin niƙa ya sauke dutsen niƙa daga wuyan mata. A shekarun 1980, bayan fari ya nuna mana iyakar dajinmu, aka kawo murhun ƙarfe mai cin itace kaɗan aka raɗa masa suna Mai Sauƙi, ya bazu a gidajen Yamai. Daga 2011 da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki, gas ya shiga gidaje da yawa. A cikin waɗannan wanne ne gargajiyar, a wace shekara za mu ja layi mu ce daga nan an daina karɓar baƙo? Abin da ya ratsa duk waɗannan sauye-sauyen bai canza ba shi ne hannun da ya san kaurin kwaɓi da hancin da ya san lokacin da tsami ya kai.

Ga abin da na fi so ka ji. Ka rubuta kamar kokot da murhun itace ne suke kokawa a kan alkubus. A gidajen da na sani, a Bukoki da Wadata da Talaje da ƙetaren gada a Harobanda, an daɗe da gama wannan kokawar, kuma ba murhu ne ya ci ba. Burodi ne ya ci, da taliyar leda. Mace ta tashi da asuba, ta yi salla, ta shirya yara uku zuwa lakwal, ita ma ƙarfe takwas ta same ta a wurin aiki ko a rumfarta ta kasuwa. A ina za ta sami lokacin faskare da hura wuta da jiran garwashi? Sai ta miƙa wa yaro kuɗi ya sayo dogon burodi a bakin titi, a shafa masa mayonez ko a tsoma a shayi. Haka alkubus ya koma abincin salla da suna da biki. Akwai yara a unguwarmu, iyayensu Hausawa gaba da baya, da suka kai shekara goma ba su san sunansa ba.

A gidana shekara kusan bakwai ban yi shi ba sai da salla. Yanzu ina yi sau biyu a mako. In kwaɓa bayan isha'i, da asuba in zuba a gwangwani in kunna tukunya, kafin in gama yi wa ƙaramin wanka ya nuna. Miyar kuma tun da dare na dafa ƙashinta a cikin tukunyar nan. Maƙwabciyata Bazabarmiya, wadda ta koya mini haɗa kopto yadda ƴan Yamai na asali suke yi, yanzu ita ma tana turara alkubus, kuma nata ya fara fin nawa laushi. Tukunyar da kake zargi da kashe alkubus ita ce ta dawo da shi faifan ƴaƴana, kuma ta sa na koma neman ƙwayar alkama a kasuwa maimakon fulawa, tunda na sami sararin kula da kwaɓin kansa.

Kalmar son jiki ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Mahaifiyata ta yi fiye da shekara arba'in a tsugune gaban murhu. Na san kalar bangon madafarta, baƙi ƙirin da kunkunniya, kuma tun ina yarinya nake tunanin abin da ya yi wa bango haka me zai yi wa ƙirjin mutum. Ta tsufa da tari da idanu masu zubar da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa, har da jaririn da ke goye a baya yayin da uwar take fifita wuta. Kai ɗanɗanon ka riƙe a ranka, kuma ban ga laifinka ba, haka kowane ɗa yake tuna girkin uwarsa. Amma a zaure aka kai maka akushin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka tuna kuma azumin 2023 da na 2024 a tsakiyar bazara ya faɗo, Maris da Afrilu. Ƙarfe huɗu na yamma, zafi ya haura digiri 40, mace da ƙishirwa a bakinta tana tsaye a kan wuta uku, ta kunu da ta miya da ta suya, alhali sauran mutanen gida suna kwance a inuwa suna jiran kiran salla. In wata na'ura ta ɗauke mata wuta ɗaya daga ciki, ta sami rabin awa ta zauna ta buɗe Alƙur'ani kamar kowa, ban san da wane suna za a kira wannan ba in ba rahama ba.

Itacen ma ba daga sama yake faɗowa ba. Ka tsaya da safe a hanyar Torodi ko ta Say ka ga manyan motoci da amalanken jakuna suna shigowa da lodin geza da sabara da tsiriri. Tun 1975 muke dashen itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, a 1992 kuma aka kafa dokar kasuwannin itace na karkara don ƙauyuka su riƙa kula da dajinsu suna sara da lissafi. Zoben itatuwan dogon yaro da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, gine-gine sun cinye masa wuri mai yawa. Birnin kullum ƙaruwa yake, motocin itace kullum ƙara nisa suke, zuwa yankunan da yanzu shigarsu ma sai da addu'a saboda rashin tsaro. Ba zai yiwu mu yi ta dashe ranar 3 ga Agusta, sauran kwanakin shekara kuma mu riƙa ce wa mata girki bai halatta ba sai da itace.

Inda hujjarka ta fi ƙarfi shi ne maganar wuta, kuma a nan ba zan yi maka gardamar banza ba. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin biyar ne yake da lantarki, don haka duk wannan zancen namu bai shafi matar ƙauyen da ke yin tafiyar awa biyu neman kirare ba, sai dai ta fuskar dajin da birni ke cinye mata. A Yamai ma mun san abin da muka gani. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 aka katse layin a farkon Agusta saboda takunkumin ECOWAS, ba a maido ba sai a Maris na 2024. A waɗannan watanni tukunyata ta fi zama a kan kanta, na koma gas da gawayi kamar kowa. Har yanzu a bazara akan ɗauke wuta alkubus yana tsakiyar nuna, sai in kwashe gwangwanayen da sauri in mayar a tukunyar gas. In wake ne ko nama da matsi ya riga ya kama, ba na ko taɓa ta, zafin da ta riƙe yakan ƙarasa aikin.

Amma murhu ma duwatsu uku gare shi, ba ya tsayuwa a kan ɗaya. Gas yakan yanke, ka ga mata da yara sun jera kwalabe a rana suna jira. Gawayi yakan yi tsada da damina. Wuta takan ɗauke. Matar da take da ukun ta fi wadda take da biyu kwanciyar hankali. Kuma ƙarancin wuta hujja ce a kan a gyara wutar. An buɗe tashar injuna ta Goru Banda a 2017, an ƙara mata ta hasken rana mai megawat 30 a 2023, muna kuma jiran madatsar Kandaji da aka aza tubalinta tun 2008. Ƙasar da rana take dukanta haka bai kamata a ce matanta suna tari a kan itace ba. Alƙalami irin naka, da ake karantawa a manyan ofisoshi, a nan na so in ga ya matsa.

Ka kuma ce tana shan wuta. Tukunya mai lita shida ƙarfinta wajen wat 1000 ne, kusan daidai da dutsen guga. In ta yi rabin awa tana aiki ba tsayawa, rabin kilowat-awa ke nan. Kowa ya duba takardar kuɗin wutarsa ya ga nawa ake sayar masa da kilowat-awa ɗaya, ya raba biyu, ya kwatanta da ƙullin itacen da zai turara gwangwani goma sha biyu. Na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya da ta kwana a kunne ta fi cin wutar da girkin alkubus na mako guda zai ci. Masu binciken girki da lantarki ƙarƙashin jagorancin jami'ar Loughborough ta Ingila sun gwada wannan tukunya a gidajen Kenya da Tanzaniya da Uganda, suka ga ga abinci mai daɗewa a wuta irin wake tana cikin hanyoyin da suka fi arha, sau da yawa ta fi gawayi sauƙi. Nijar kuwa tana sahun gaba a noman wake a duniya, Najeriya kaɗai ke gabanta, kuma wake da shinkafa ne abincin rana a gidaje da dama na Yamai.

Kuɗin saye shi ne katangar gaskiya. Mai kyau ta fi buhun shinkafa tsada, kuma tun da kayan da a da ke shigowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, komai ya ƙara hawa. Amma ni ba matar babban mutum ba ce, da adashi na sayi tawa, mu goma sha biyu, kuma biyar daga cikinmu abin da suka saya ke nan da kwasarsu. Wannan ba sabon abu ba ne ga matan ƙasar nan. A yankin Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 tare da CARE, tsarin asusun da daga baya ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. A taron da aka yi a Paris ranar 14 ga Mayun 2024 kan tsabtataccen girki a Afirka an yi alkawarin dala biliyan 2.2. Ina so in ga rabonmu daga ciki ya zo ta hanyar sauke kuɗin kwastan a kan waɗannan tukwane, da bashi mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyin mata, da koyar da matasan Katako gyaransu, don kada robar murfi ta lalace a jefar da tukunya sukutum.

Tsoron fashewa yana da asali. Tsofaffin kokot na kan wuta in ƙofar tururinsu ta toshe kuma aka manta da su, sukan yi ɓarna. Na lantarki masu inganci murfinsu ba ya buɗuwa matuƙar akwai matsi a ciki, kuma suna yanke wuta da kansu in zafi ya wuce ƙima. Haɗarin da nake gani da idona daban ne. Akwai jabu marasa suna da suka cika kasuwa. Akwai wadda ɗan uwa zai aiko daga Amurka, an yi ta don wuta mai ƙarfin 120, a soka ta a tamu mai 220 ta ƙone nan take. Akwai siririyar wayar jona da ke narkewa, da cika tukunya da wake fiye da rabi har kumfa ya toshe mafita, da kai fuska kusa lokacin sakin tururi. Duk waɗannan a rubuce suke a ɗan littafin da ke zuwa da ita, amma da Turanci ko Faransanci ko Sinanci, kuma ba ko ɗaya da ya san alkubus ko alale. Minti goma a mako a gidan rediyon Voix du Sahel ko Studio Kalangou, da Hausa da Zabarmanci, daga bakin matan da suka gwada, zai kawar da yawancin wannan.

Ba komai nake sa mata ba. Dambu yana nan a madambacinsa, don yana son a buɗe a juya a yayyafa ruwa a mayar, zogalen ya shiga jikin tsakin a hankali, kuma ban ga yadda za a yi wannan a cikinta ya yi washar-washar ba. Ranar suna ko biki da ake son gwangwani ɗari biyu, babbar tukunya da itace za a nema, a tsakar gida inda iska ke kwashe hayaƙin.

Ka damu cewa ƴan mata za su tashi ba su koyi komai a gindin murhu ba, kuma wannan damuwa ce ta uba, na girmama ta. Ƴata mai shekara goma sha uku ba ta iya hura wutar itace da kyau ba, gaskiya ne, zan kuma koya mata don rana irin ta 2023. Amma ta san bambancin alkamar bana da ta bara in ta shinshina. Ta san kwaɓin da ya yi ruwa da wanda ya yi tauri daga yadda yake saukowa a ludayi, ta san adadin kanwar da ke kashe tsami ba ta mayar da alkubus rawaya mai ɗaci ba. Da a ce sai da salla kaɗai nake yi, da sau biyu a shekara za ta gani. Yanzu kowace Talata da Juma'a hannunta yana cikin kwaɓi.

Don haka ga gayyata, Malam, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta. Editan wannan mujalla ya san yadda za a same ni. Ka zaɓi Juma'ar da ta yi maka, bayan an sauko daga masallaci. Zan surfa alkama in kai niƙa, in yi kwaɓi ɗaya tun daren Alhamis in raba shi biyu, rabi a murhun itace a tsakar gida, rabi a kokot. Miyar taushe ɗaya, man shanu ɗaya, kowane kwano a rufe da faifai, kuma ba zan faɗa maka wanne ne wanne ba sai ka ci ka faɗi naka. Ka taho da uwargida don Allah. Ita zan shiga madafar da ita tun kafin a sauke, ta tsaya a kan wutar biyun, ina son in ji abin da za ta ce.